Ginshiƙi na Uku a Kucheri

Aikina shi ne in danna ƙasa in ji abin da za ta ce. Haka nake gaya wa mata a gidan biki in sun matsa mini da tambaya, su yi dariya su koma hirar atamfa, ni kuma in koma kan wayata. Sunana Bara'atu, injiniya ce ni a wani ƙaramin ofishin gwajin ƙasa a Gusau. Shekarata shida a wannan aiki, kuma ban taɓa shiga filin gini na tarar da wata mace ba, in ka cire mai tallar fura.

A bazarar da nake ba da labari an tura ni Kucheri, ta wajen Tsafe, inda wata ƙungiyar manoma za ta gina babban sito na ajiyar hatsi. Hatsi nauyi gare shi, wanda bai taɓa ganin buhu dubu a jibge wuri ɗaya ba ba zai gane ba. Filin da aka ba su kuwa baƙar laka ce, irin wadda in rana ta gasa ta takan tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ba a ɗora wa irin wannan ƙasa gini haka kawai. Sai an haƙa ramuka masu zurfin gaba biyu, a riƙa zuba tsakuwa kaɗan-kaɗan inji yana kirɓa ta, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki, har ramin ya cika ya zama ginshiƙi a binne. Ɗari biyu da arba'in za a yi, a kansu siton zai zauna. Nawa aikin in zaɓi uku daga ciki in gwada, in sa hannu cewa za su ɗauki nauyin. In ban sa hannu ba, ba a zuba kankare.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa. A ɗora farantin ƙarfe a kan ginshiƙin, a gitta wata ƙatuwar gadar ƙarfe a sama a ɗaure ta tamau da ƙasa, a sa jak irin na ɗaga mota a tsakani yana tura farantin. Ni kuma in zauna gaban agogon awo ina kallon allura, ina rubuta milimita nawa ginshiƙin ya nutse. Ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake yi ya ruɗa allura, shi ya sa duk inda zan yi gwaji nake sa a kafa tampol a rufe wurin. Ni na ce a kafa shi, da bakina. Na faɗi wannan tun yanzu don kada nan gaba in ɗora wa wani.

Leburori talatin da biyu ne a filin, shugabansu Malam Sule, wani dogon mutum daga Ruwan Bore mai furfura a gemu kawai. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana a cikinsu. Da ma sun gaya mini, da na san da wa nake yi. Da safe a ce sannu Hajiya, ido a ƙasa, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. In na doso inda suke raha sai rahar ta mutu, kowa ya tuna yana da shebur. In an sauke abinci su kewaye faranti ɗaya suna zolayar juna, ni ina cikin mota da 'yar kulata, ina jin dariyarsu daga nesa ban san me aka ce ba. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ba so nake in sa hannu a farantinsu ba, na san ba a haka. Ina dai son wata rana wani ya faɗi abin dariya ina tsaye bai fasa ba.

Da azahar nakan bar filin in tafi gidan Inna Hajjo, wata tsohuwa da katangarta ke kallon filin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Gusau. Ranar farko na yi sallama na roƙi wurin sallah, ta nuna mini tabarma da buta, shi ke nan ya zama kullum. Ba mai surutu ba ce. Tana ɓarar gyaɗa ina zaune, sai mu yi awa guda maganarmu ba ta wuce biyar ba. Kafin la'asar kuma na kama hanyar Gusau, don ba a bin hanyar in yamma ta yi. A gida in tarar da Baba gaban rediyonsa, tun da ya ajiye aikin gwamnati nan ne ofishinsa. Ya ce ya ƙasa, in ce tana nan, in wuce ɗakin da na dawo cikinsa shekara uku da suka wuce bayan aurena ya mutu.

Ginshiƙi na farko ya nutse milimita bakwai. Na biyu tara. Iyakar da aka yarda sha biyu ce, saboda haka ɗan kwangilar, Alhaji Mannir, ya riƙa washe baki yana cewa ai shi ya sani. Mun taɓa aiki tare a Bungudu, inda ƙasar marmara ce da rairayi, ka danna ginshiƙi da duk ƙarfinka ya ƙi motsi. Tun daga nan Alhaji ya ɗauka duk ƙasar Allah Bungudu ce, gwaji kuma wani shagali ne da 'yan boko suka ƙirƙiro don su ɓata wa mutane lokaci.

An gama kafa gada da tampol a kan na uku ke nan sai jak ya fara zubar da mai. Dole aka aika shi Kaduna gyara, ya yi kwana goma sha tara a can. Gadar da tampol suka zauna inda suke, ni kuma na ci gaba da duba kirɓin sauran ginshiƙai.

Da jak ya dawo na kori kowa daga wurin kamar yadda na saba, na bar mutum ɗaya yana buga jak ɗin. Tun a rabin nauyi allura ta wuce sha biyar. Na tsaya, na goge agogon, na sake dubawa. Da aka kai cikakken nauyi ta kai talatin da ɗaya, kuma ba ta tsaya ba, tana ta rarrafe ina kallonta. Akwai wani siririn ƙarfe da muke binnewa har gindin ginshiƙi don mu san ko gindin ne ke nutsewa. Bai motsa ba. Ashe cikin ginshiƙin ne ya buɗe ta gefe. Ginshiƙin tsakuwa ba shi da siminti, ƙasar da ke kewaye da shi ita ce ɗamararsa, in ta saki ya baje. To me ya sa ta saki a nan, taku ashirin daga inda ta riƙe na biyu? Na juya takardun binciken ƙasar filin har sun fara yagewa, ko'ina abu ɗaya aka rubuta, laka mai tauri.

Alhaji Mannir ya zo da kansa washegari. Bai yi mini tsawa ba, shi ma bai iya ba. Ya dai tsaya yana magana da Malam Sule, da ƙarfin da zan ji, cewa ko agogon ne ya lalace, ko kuwa idon da ke karanta shi. A gabana ya buga wa maigidana a ofis, Malam Isah, ya ce a taimaka a turo masa namiji. Da yamma Malam Isah ya kira ni, murya a sanyaye, ya ce ya ba ni zuwa Alhamis in kawo dalili, in ba haka ba zai turo wani ya maimaita gwajin. Leburori kuwa sun san in aiki ya tsaya gida za su koma, ga damina da sauran wata ɗaya da rabi, ba gona ba aiki. Daga ranar ko sannu Hajiyar ma ta rage.

Ranar Talata ba na sallah, kuma raina a ɓace yake, ban ji zan iya zama gaban Inna Hajjo ba. Sai na zauna a mota na buɗe ƙofa, ina ta lissafin da na riga na yi sau goma. Aka kira azahar a cikin gari. Na ɗaga kai na ga leburori suna ajiye kayan aiki, kowa ya ciko butarsa a tanki, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙarƙashin tampol ɗina. Suka tsuguna suka kewaye ginshiƙi na uku, wasu har sun jingina da gadar, suka fara alwala. Ruwan yana sauka kan tsakuwa yana ɓacewa nan take, ko danshi ba ya bari.

Na fito a hankali na je na tsaya. Ruwa ya tsaya a hannun kowa. Na tambayi Malam Sule tun yaushe suke alwala a nan.

Ya ce, "Tun ranar da anka kafa shi, Hajiya. Nan ɗai ad da inuwa hilin ga duka."

Na sake tambaya, ya ƙara bayani. Masu kwana a filin sau biyar suke yi a nan, wasu har da wanke fuska da kwano. Ni kuwa da azahar ina gidan Inna Hajjo, da la'asar ina kan hanya, kafin in iso da safe rana ta lashe komai. Kusan mako uku ana shayar da ginshiƙin, tsakuwar tana kai ruwan har cikin lakar, lakar tana laushi tana sakin ɗamara, ni kaɗai ce ban sani ba, don ni kaɗai ce ba na nan in ana sallah.

Na gaya masa abin da ruwan ya yi. Ya buɗe baki, ya dubi butarsa, ya dubi agogon. Ya ce su sun ɗauka ruwan alwala ba su ɓata komi. Sai wani daga baya ya ce ashe ginshiƙin ya fi su tsarki, shi ya sa ya yi ruku'u. Dariya ta ɓarke. Ina tsaye a tsakiyarsu aka faɗa, kuma ba wanda ya fasa. Na yi dariya har hawaye ya zubo mini, ban san rabona da irinta ba.

Bayan sallah Malam Sule ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a gefen inuwar, aka kawo mini fura a sabon kwano. Suna cin nasu ina shan tawa, taku uku tsakaninmu. Aka tambaye ni yadda allurar ke gane nutsewar da ido bai gani ba, na nuna musu. Wani ya ce in duba masa katangar gidansa a Magami da ke tsagewa duk shekara. A ranar aka fara ce mini Injiniya. Alhaji Mannir da aka buga masa waya sai ga shi da kansa, da leda cike da lemo, yana cewa shi dama ya san yarinyar nan ta san aikinta.

Ya ce, "To magana ta ƙare. Ki soke na ukku, ki zaɓi wani busasshe ki gwada, Alhamis a sa hannu."

Na ce to, zan duba. Ƙarya nake yi, ba abin da zan duba. Tun ina tsaye ruwa na ɓacewa cikin tsakuwa na san abin da na gani. Na bar kaina ne kawai in sha furar nan in ƙoshi, in ji ana kirana Injiniya zuwa la'asar. Wanda zai zarge ni ya zarge ni.

Washegari na je gidan Inna Hajjo tun kafin azahar. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, jiya ban gane ki ba." Na ce aiki ne. Can na tambaye ta yadda filin nan yake in ruwa ya sauka, tambayar da ya kamata in yi tun ranar da ta ba ni tabarma.

Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba ta ce, "Hilin ga? Da damana ko jaki ba ya bi nai."

Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce wa ya tambaye ta.

Ranar Alhamis na tarar da Alhaji Mannir a filin da takardar a kan bonet ɗin motarsa, har ya cire wa biro murfi. Malam Sule da mutanensa suna tsaye kusa, wasu suna yi mini murmushi tun daga nesa. Na gaishe su. Sannan na ce ba zan soke na uku ba. Na ce binciken ƙasar da rani aka yi shi, na farko da na biyu ma da rani aka gwada su, lokacin da lakar ke da taurin dutse. Na uku ne kaɗai ya ɗanɗana abin da dukansu za su sha, kuma siton ba da rani kaɗai zai tsaya ba.

Alhaji ya ce ruwan buta ne fa, ruwan buta kawai.

Na ce, "Shi nake faɗa, Alhaji. Ruwan buta ya yi mata haka. Ruwan watan takwas fa?"

Na ga murmushin yana barin fuskokin ɗaya bayan ɗaya, na kawar da kaina don kada in ga na ƙarshe.

Malam Isah, Allah ya saka masa, bai turo namiji ba. Ya ce a zaɓi ginshiƙi na huɗu, a jiƙa shi kwana goma a gwada, abin da allura ta faɗa shi ne hukunci. Alhaji ya yarda da baki, amma ya ce ruwan tankinsa na aiki ne ba na wasa ba, kuma duk leburan da ya gani da buta kusa da ginshiƙi ya kama hanyar garinsu. Aka mayar da gada da tampol kan na huɗu. Da azahar sai na ga mutum talatin da biyu sun tafi can ƙarshen fili, sun tsuguna cikin tsakar rana suna alwala, sun ba ni baya.

Na ari jarka biyu a gidan Inna Hajjo. Rijiyarta tana da zurfi, guganta kuma yana yoyo. Sawu huɗu nake yi kullum daga rijiyar zuwa ginshiƙin, jarka a kowane hannu, ina hutawa sau uku a hanya, mayafina yana jiƙewa da gumi. Suna gani. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce kawo. Na koma Hajiya, ga masu gaisuwar ke nan. Na koma cin abinci a mota, sai dai yanzu na san ɗanɗanon furar da ake sha can, abin ya fi da ciwo. A gida Baba ya ga tafin hannuna ya yi kanta, ya ce ya ƙasa, na ce tana nan.

A rana ta huɗu na iso da safe na taɓa tsakuwar na ji ta da sanyi. Na tona kaɗan da yatsa, danshi ne, sabo, ba na ruwan da na zuba jiya ba. Na dubi filin, kowa yana kan aikinsa, Malam Sule ya juya mini ƙeya yana auna rodi. Haka na riƙa tararwa kowace safiya har kwana goman suka cika. Ban tambaya ba, ba a kuma gaya mini ba, kuma gaisuwar ba ta canza ba.

Ranar gwaji Malam Sule ya karɓi hannun jak da kansa. Alhaji yana cikin motarsa da gilashi a rufe. A rabin nauyi allura ta kai sha uku. Ina rubutawa, amma har ga Allah akwai ɓangaren zuciyata da ke roƙon ta tsaya, in zama ni ce na yi kuskure, in ba da haƙuri a sake shimfiɗa mini tabarma. A cikakken nauyi ta kai ashirin da takwas. Malam Sule ya saki hannun jak ya zo ya tsuguna gefena, ya daɗe yana kallon agogon kamar yadda na koya musu ranar fura.

Ya ce, "Ba ta tsaya ba, Injiniya."

Na ce ba ta tsaya ba.

Hukuncin ya zo daga Gusau bayan kwana biyu. Sai an sake zane, a kwashe lakar sama, a ƙara ginshiƙai a matso da su kusa da juna, kuma ba za a taɓa komai ba sai bayan damina. Aka sallami leburori ranar Asabar. Na zo kwance agogunana na tarar suna ɗaure tabarmi da butoci a bayan a-kori-kura. Wasu suka ɗaga mini hannu, yawancinsu ba su ɗaga ba. Mai katangar Magami ya wuce ta gabana yana kallon takalminsa.

Malam Sule ne ya hau a ƙarshe. Kafin ya hau ya zo bakin tampol ya tsaya, bai shigo ba. Ya ce shi ma yana da gero da zai shiga siton nan in an gina, kuma ba ya son ya kwana cikin ruwa. Ya ce Allah ya ba da lada. Sannan ya ce yana da 'ya'ya tara a Ruwan Bore, bai san abin da zai ce musu ba yau. Ya juya ya nufi motar.

Motar ta tashi ta bi hanyar Tsafe. Na zauna a kan gadar ƙarfen ina sa agogunan cikin akwatinsu ɗaya bayan ɗaya. Aka kira azahar a cikin gari, ba wanda ya ajiye shebur, ba wanda ya nufi tanki. Inuwar nan da mutum talatin da biyu suka yi ta matsatsi a cikinta ta zama tawa ni kaɗai. Na daɗe a zaune, sannan na ɗauki jarkokin Inna Hajjo na tafi mayar mata.